Waƙar da Ba Ta Bi ta Kanti Ba

A wajajen ƙarshen shekarun 1970, wani ma'aikaci ɗan Nijar mai suna Mamman Sani Abdoulaye ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, shi kaɗai, da fiyanon lantarki ƙirar Italiya samfurin Orla. Babu makaɗa a bayansa, babu ƴan amshi. A ƙasar Gana aka haife shi, ya yi boko, ya koyar, ya kuma yi aiki da hukumar UNESCO, a wajen wani taronta ne ma ya sayi fiyanon daga hannun wakilin ƙasar Ruwanda. Aikin da ya yi a ɗakin nan ba mai tsawo ba ne: ya kaɗa aka ɗauka, ya sake kaɗawa a kan na farkon aka haɗa. Ma'aikatar al'adu ta yi niyyar fitar da jerin kaset-kaset na sabon kiɗan Nijar, har da nasa a ciki, amma shirin bai yi nisa ba. Ƴan kwafi kaɗan aka buga, suka watse a hannun mutane, maganar ta bi ruwa.

Kiɗan dai bai bi ruwa ba. Gidan rediyon Muryar Sahel da gidan talabijin na ƙasa suka mai da shi abin cike gurbi, ana sa shi tsakanin shiri da shiri, ko a ƙarƙashin muryar mai sanarwa, aka yi shekara talatin da ɗoriya a haka. Duk wanda ya tashi a Guci ko Dungas ko Magarya, ya zauna kusa da dattijo mai rediyo ana jiran labarun Hausa, ya ji sautin nan mai sanyi, mai tafiya a hankali, da ƴar gangar inji tana bugawa a ƙasansa. Karin waƙoƙin Fulani Woɗaaɓe ne, da na tende irin na Abzinawa, da na makiyaya, Mamman Sani ya zuba su cikin lantarki, ya haɗa da ƴan nasa na kansa irin su "Salamatu". Ƙasa guda ta haddace kiɗan mutum, amma in ka tambayi sunan mai shi sai a yi shiru. Wannan hali na sanin waƙa ba tare da sanin mai ita ba shi ne ya bi tarihin nan tun daga farkonsa, kuma shi ne ya fi ci mini rai a cikinsa.

A daidai waɗannan shekaru, matasan Ingila su ma suna yin wani abu mai kama da haka, sai dai dalilinsu daban. A 1976 ƙungiyar Throbbing Gristle ta kafa nata kamfanin faifai mai suna Industrial Records, tana haɗa ƙarar injuna da tsofaffin kaset da kukan lantarki, don ta nuna yadda zaman garuruwan masana'antu ya koma. A farkon 1977 Buzzcocks na birnin Mancesta suka ci bashi wajen ƴan uwa da abokai suka buga ɗan faifansu, Spiral Scratch, ba tare da sun roƙi wani babban kamfani ba. A 1979 Joy Division suka fitar da Unknown Pleasures a ƙaramin kamfanin Factory, Bauhaus kuma suka fitar da "Bela Lugosi's Dead", wadda ake ƙirga kiɗan gotik mai duhu da baƙaƙen tufafi daga kanta. Kafin su duka, Kraftwerk na Jamus sun nuna tun 1975 cewa inji kaɗai ya isa ya riƙe faifai. Matasan Ingilan nan gudun manyan kamfanoni suke yi, da gangan suka zaɓi bayan fage. Mamman Sani ba shi da kamfanin da zai guda, domin babu shi a ƙasar. Rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki: kaset ya zame wa mawaƙin Nijar kamfani da kanti da gidan rediyo gaba ɗaya. Ba shi kaɗai ba ne cikin ƴan nahiyar kuwa, don Francis Bebey ɗan Kamaru yana irin wannan gwaji a ɗakinsa a Faris, William Onyeabor kuma yana nasa a Inugu.

Zamanin Janar Seyni Kountché ne, 1974 zuwa 1987, lokacin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa, inda kowace jiha kan kawo ƴan wasanta a yi gasa. An sami waƙoƙi masu kyau a wannan tsari, ba na musu. Amma waƙa ce da hukuma ta tsara mata hanya: haɗin kan ƙasa, noma, yaƙi da hamada. Wanda bakinsa ke ɗauke da wata magana daban sai ya nemi wata ƙofa.

Ƙofar ta buɗe ne daga arewa. Farin shekarun 1973 da 1974, sannan na 1984, ya kashe dabbobin Abzinawa, ya tura samarinsu Tamanrasset a Aljeriya da garuruwan Libiya neman abin yi. Ana kiransu ishumar, samari marasa aiki masu yawo tsakanin iyakoki. Wasunsu sun shiga sansanonin horon soja na Gaddafi a shekarun 1980. A cikin wannan yawo ne suka ɗauki jita suka ɗora mata karin gida, Ibrahim Ag Alhabib da abokansa na Mali suka zama Tinariwen, a ɓangaren Nijar kuma Abdallah ag Oumbadougou ɗan yankin Agadas ya kafa Takrist n Akal. Ba su da situdiyo. Rakoda mai batir ake ajiyewa a tsakiyar tabarma, a danna maɓalli, a yi waƙa, ana jin tari da ƙarar kofin shayi da tafin mata a ciki. Wanda ya zo da kaset fanko a cika masa, ya tafi, wani ya kwafa daga nasa, wani kuma daga na wancan, har sauti ya koɗe kamar zanen da ya sha wanki, amma maganar da ke ciki tana nan. Bayan kisan da aka yi a Cintabaraden a watan Mayun 1990 da tawayen da ya biyo baya, waɗannan kaset-kaset suka zama haramtattu, kama mutum da ɗaya a shingen soja kan iya jefa shi cikin babbar wahala. Mutane suka riƙa cire takardar jikinsu, ko su rubuta sunan wani abu daban, su cusa cikin kaya. Sai da aka sa hannu kan yarjejeniyar sulhu ranar 24 ga Afrilun 1995 sannan Abdallah ya dawo gida ya hau dandali a fili, jama'ar da ta shekara da shekaru tana jin muryarsa a ɓoye ta ga fuskarsa. Ya rasu a 2020. Idan ana neman albam na bayan fage a tarihin Nijar, wanda saurarensa kaɗai laifi ne, to waɗannan kaset marasa suna ne.

Mu nan kudu kuwa, kunnenmu Kano yake kallo. Magarya da Dungas a bakin iyaka suke, naira da sefa duka suna ciniki a kasuwanninmu, abin da aka buga a Kano yau ba ya daɗewa ya iso ta Babura ko ta Daura. Da fina-finan Hausa na bidiyo suka kankama a shekarun 1990, suka zo da irin nasu kiɗan, wanda kowa ke kira kiɗan fiyano. Yaro ɗaya ne a ɗan ɗaki, da fiyano samfurin Yamaha PSR, yana ciro muryar sarewa da kalangu da goge da gangar Indiya daga cikin akwati guda. Fim ɗin Sangaya na 1999 shi ya nuna wa ƴan kasuwa irin kuɗin da ke cikin abin. Daga baya kwamfuta ta shigo, aka sami Auto-Tune, muryar zabiya ta koma siririya mai rawa, tana karyewa a inda maƙogwaro ba zai iya ba. Malamai sun yi wa'azi a kai, ƴan boko sun ce kwaikwayon Indiya ne, masu kishin gargajiya sun ce an kashe kukuma da kotso. Kowannensu yana da ɗan abin kamawa. Amma a ganina sun kasa lura da cewa ƙasar Hausa ta ƙago wa kanta cikakken kiɗan lantarki, mai kamanninsa da ba a samu a ko'ina, kuma ƴaƴan talakawa ne suka ƙago shi da kayan da hannunsu ya kai gare su.

Wannan kiɗa ma ya ɗanɗani zaman ɓoye. Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, a 2007 kuma, zamanin gwamna Ibrahim Shekarau, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugabanta, aka tsananta. A shekarar aka ɗaure Adam A. Zango saboda albam ɗinsa Bahaushiya da ya fita ba tare da tacewa ba. Mawaƙa suka mayar da martani da waƙa, a 2009 wata kotu ta haramta saurare da sayarwa da yaɗa waƙoƙi 11, cikinsu har da "Girgiza Kai" ta Nazir Ahmad Hausawa, wanda ake kira Ziriums, da "Hasbunallahu" ta Aminu Ala da abokansa. Ala kansa ya kwana a tsare a kan wannan. Sai dai hukuncin ya zo a makare, don salula mai memori da Bluetooth ta riga ta shiga aljihun kowa. Ana iya kwashe faifai daga rumfar ɗan kasuwa a ƙone, amma babu ɗan sandan da zai iya tsare waƙar da ke tsallakawa daga waya zuwa waya a cikin motar haya. Ga shi kuma ikon kotun Kano bai ƙetare iyaka ba, abin da aka hana a can ana sa shi da ƙarfi a tashar Magarya.

Daga nan sana'ar masu tura waƙa ta kafu, kuma har yau su ne ainihin masu rarraba kiɗa a ƙauyukanmu. Je ka kasuwa ranar cinta, za ka tarar da saurayi a ƙarƙashin ƴar rumfa, da faifan sola jingine a gefe, da batirin mota, da tsohuwar kwamfuta da ƙura ta shige wa maɓallai, wayoyin caji rataye jere kowace da lambarta. Dattijo ya miƙo memori naɗe cikin takarda.

"Yaro, sa mini wa'azi da Ɗan Anace, ka rage wuri ka sa wa yaran gida na fim."

"To Baba. A ƙara da na Agadas? Akwai sababbi."

"Ƙara, in akwai wuri."

Yakan kwafe jaka guda ne gaba ɗaya, ba ya tsayawa zaɓe. A cikinta akwai waƙoƙin da sunansu lamba ce kawai, akwai waɗanda aka liƙa wa sunan mawaƙin da bai san da su ba. Ta haka jitar Abzinawa ta shigo gidajen Hausawan Damagaram, ta haka kuma fiyanon Kano ya hau arewa har Arlit da Kidal.

Inda hanyoyin nan biyu suka haɗu shi ne wurin da na fi so a tsaya a duba, domin masu rubuta labarin daga waje layi ɗaya suke ba shi su wuce. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, Ba'abzine ne daga yankin Abalak a jihar Tawa. Gidansu gidan addini ne da ba a son kiɗa, don haka jitarsa ta farko da kansa ya harhaɗa ta da katako da wayar birkin keke, bayan ya ga Abdallah ag Oumbadougou yana wasa. Bahago ne. A 2008, da ya tashi ɗaukar waƙoƙinsa, bai nufi Yamai ba, bai nufi Bamako ba, Sakkwato ya tafi, ya shiga situdiyo irin na masu waƙoƙin fim. Aka yi masa aiki yadda ake yi wa kowa a wurin: gangar inji a ƙasa, murya ta bi ta Auto-Tune, jita a tsakiya. Abin da ya fito, albam ɗin Anar, bai yi kama da Tinariwen ba, bai kuma yi kama da waƙar Kano ba. Harshen na Abzinawa ne, kewar ta hamada ce, amma rigar da aka sa wa waƙar ɗinkin Bahaushe ce. Babu kamfanin da ya buga shi a lokacin, babu kantin da ya sayar. Salula ce ta ɗauke shi ta kai shi Mali da Aljeriya da Libiya.

A garin Kidal na Mali ne wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, ɗan birnin Fotlan, ya ci karo da ɗaya daga waƙoƙin, "Tahoultine", lokacin da yake musayar waƙoƙi da matasa yana kwashe abin da ke cikin wayoyinsu. A 2011 kamfaninsa, Sahel Sounds, ya fitar da tarin Music from Saharan Cellphones a kan faifan garmaho, da waƙar a ciki. Aikin da ya fi ba shi wuya shi ne gano masu waƙoƙin don ya biya su, tunda memori ba ya riƙe suna. Ya nemo Mdou har gida, ya kai masa jitar lantarki ta bahago, Anar ya fito a hukumance a 2014, a 2015 kuma suka fitar da fim ɗin da suka yi a Agadas bisa tsarin Purple Rain na mawaƙi Prince. Kirkley ne kuma ya ci karo da kaset ɗin Mamman Sani cikin wani tarin tsofaffin kaset a Yamai, ya nemi mai shi ya same shi da ransa, aka sake buga aikin a 2013 da sunan La Musique Électronique du Niger. Dattijon ya tafi Turai ya yi wasa gaban matasa masu son kiɗan inji, shekaru talatin da wani abu bayan ranar da ya shiga gidan rediyo. A 2013 ɗin ne kamfanin ya tattara waƙoƙin fina-finan Hausa a faifai mai suna Harafin So. Sai kuma Hama, direba a Yamai, wanda ke sake gina karin jitar hamada a kan Yamaha PSR-64 sannan a kwamfuta, kiɗansa ya daɗe yana yawo a memori kafin Torodi ya fito a 2015 da Houmeissa a 2019.

Ba Sahel Sounds kaɗai ba ne. Tun kafin shi, kamfanin Sublime Frequencies na Siyatil ya buga Group Inerane a 2007 da Group Bombino a 2009. Bombino, wanda tawayen 2007 ya kora zuwa Burkina Faso bayan an kashe biyu daga abokan kiɗansa, ya dawo ya yi wasa a gindin babban masallacin Agadas a 2010, albam ɗinsa Deran kuma ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka tsayar a takarar Grammy. Tal National na Yamai, masu waƙa da Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasa, sun fitar da Kaani a 2013 a kamfanin FatCat na Ingila. Fatou Seidi Ghali da Les Filles de Illighadad suka nuna mace ma tana riƙe jita. Jiharmu ta Damagaram ta ba da Malam Maman Barka ɗan Tesker, malamin makaranta mai gurmi, wanda ya tafi bakin tafkin Cadi ya koyi biram, molon Buduma mai siffar jirgin ruwa, wajen tsohon da ya rage da saninsa, ya fitar da shi duniya a faifai a 2009. Ya rasu a 2018.

Ina jin daɗin wannan duka, kuma ba na cikin masu cewa baƙon da ya zo ya kwashi waƙa ɓarawo ne kawai. Wanda ya nemo mai waƙa har ƙofar gidansa, ya rubuta sunansa a bayan faifai, ya raba riba da shi, ya yi abin da mu ba mu yi ba. A 2020 ma kamfanin ya riƙa fitar da ƴan waƙoƙi wata-wata, waɗanda mawaƙa suka ɗauka da salula suka aika ta WhatsApp, kuɗin cinikin yana komawa gare su, Etran de l'Aïr na Agadas ne suka buɗe jerin. Amma zaɓin kunnen baƙo zaɓinsa ne. Jita yake so, domin ta yi kusa da rok ɗin da ya saba da shi, saboda haka Agadas ta sami kamfanoni da jiragen sama, masu fiyanon Damagaram da Maraɗi da Sakkwato kuwa, waɗanda ɗakunansu ne suka ƙera sautin da ya fara jan hankalinsa, suna nan inda suke. Waƙoƙin biki da na siyasa da na bege da aka ɗauka a ƙananan situdiyon kudancin Nijar cikin shekaru ashirin da suka wuce, mafi yawansu ba su da mazauni sai kwamfutar mai tura waƙa. Ranar da ta lalace, ko ya goge don ya sami wurin sabon fim, an yi asarar da babu mai ƙirga ta. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhadji Taya da ke Yamai tana adana kayan kiɗan gargajiya, amma wa ya ɗauki kiɗan fiyano a matsayin abin adanawa?

Mdou Moctar dai ya ci gaba. Ya bar gangar inji ya koma ƙungiya mai mutum huɗu da jita mai tsawa, ya fitar da Ilana a 2019, sannan ya shiga kamfanin Matador na birnin Niyok, wanda aka kafa a 1989, gidan su Pavement da Yo La Tengo, kuma ɗan rukuni ɗaya da 4AD da ya buga albam na farko na Bauhaus a 1980. A nan ya fitar da Afrique Victime a 2021. Yana tsakiyar rangadi a Amurka sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wutar da take ba Nijar, kasuwannin Magarya da Dungas suka shiga ƙunci har zuwa farkon 2024, shi da abokansa kuma hanyar gida ta toshe musu na wani lokaci. Sun riga sun gama ɗaukar Funeral for Justice, albam mai zafi kan Faransa da yuraniyom da shugabannin Afirka, wanda ya fito a watan Mayun 2024. Zaman jiran da ya kama su sai suka shiga situdiyo a Niyok suka sake ɗaukar waƙoƙin da jitar katako da ganga ta hannu, aka fitar da shi a Fabrairun 2025 da sunan Tears of Injustice.